Murjanin Baba Yana Yin Fari

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan aikinka na cikin jirgi. Allah ya kwantar muku da teku, ya tsare ku daga sharrin iska da igiyar ruwa, ya dawo mana da kai da ƙafafunka. Na yi ta neman layinka har kunnena ya ɗauki zafi, kullum matar nan ta cikin waya ce ke ba ni haƙuri. Da na gaji sai na je ofishin kamfaninku, wani bawan Allah a wurin ya ce min ba ku da waya sai kun kusanci gaɓa, amma takarda takan riga ku isa tashar da za ku tsaya. Shi ya sa ka ga na ajiye almakashi na ɗauki biro, ni da rabona da dogon rubutu tun ina makaranta. In ka ga layin ya karkace ka yi haƙuri, a kan teburin yankan yadi nake rubutawa.

Mutanen gida suna nan lafiya gwargwado. Auta ta gama jarrabawa, ta dawo gida tana barci kamar an biya ta. Gwiwar Goggo ta sassauta, bakinta ne dai har yanzu bai sassauta ba. Kawu Direba ya rabu da tsohuwar motar nan da kake cewa sai an yi mata addu'a take tashi, ya sayo wata wadda ko addu'ar ba ta ji. Ni kuma ɗinki yana tafiya, ko in ce da yana tafiya, don yanzu kayan mutane sun taru a kan kujera, masu su suna zuwa ina ba su baki suna komawa.

To Yaya, ba don labarin mota na ɗauki biro ba. Maganar Baba ce. Lokacin da muka yi waya da kai a tashar baya, na gaya maka ciwon ya shanye masa hannun dama da ƙafa, ya kuma riƙe harshensa, amma yana samun sauƙi. A lokacin gaskiya na faɗa maka. Abin da ya ɗaga shi daga gado kuwa ba maganin asibiti ba ne, akwatin kifin nan ne na gilashi da ke falo, wanda kai da shi kuka haɗa. Kai ka fi ni sanin matsayin akwatin nan a wurinsa. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a ɗakin injin jirgi, ya dawo ya zauna inda ko rafi babu, sai ya gina wa kansa teku a cikin ɗaki, da ruwan gishirinta da duwatsunta da murjani mai rai, halittar nan da ke tsirowa kamar shuka a kan duwatsun teku. Da muka dawo da shi daga asibiti ya ƙi cin komai. Inna ce ta yi dabara, ta sa muka jawo kujerarsa gaban gilashin, ta zuba masa abincin kifi a tafin hannun hagu. Ya watsa musu, ya ga sun taso suna wawa, sai ya buɗe baki ya karɓi cokali. Tun daga ranar haka muke yi, kifi su ci, Baba ya ci.

Yanzu tekun nan tana mutuwa a gaban idonsa, ni kuma na rasa yadda zan tsayar da ita. Murjanin nan mai rassa, wanda ya kusa taɓo saman ruwa, ya fara yin fari daga gindi, kullum farin yana hawa. Mai laushin nan da ke buɗewa idan an kunna fitila ya dunƙule ya ƙi buɗewa. Wata gansakuka mai ruwan ƙasa ta rufe yashi da gilashi, in na goge da safe kafin la'asar ta dawo. Jatan landen nan mai dogon gashin baki da Baba ke kira Wanzami, don yana bin kifaye yana yi musu gyaran jiki, na tsince shi a kife bayan dutse. Katantanwa suna sakin gilashi suna faɗowa ɗaya bayan ɗaya. Kifayen nan biyu masu ruwan lemo da farin zane suna nan da rai, amma sun shige lungu, sai dai ka hango idanunsu.

Ka san halin ruwan rijiyarmu, ba ya kumfa da sabulu, kuma yana barin farin ɓawo a gindin tukunya. Shi ya sa kuka sa injin gishiri a ɗakin ajiya don ya tausasa shi. Daga injin sai ya bi ta matatar da ke jikin bango, mai kwalabe a jere, ya fito ta siraran tiyo guda biyu, shuɗi da baƙi. Shuɗin yana ɗiga cikin duro, daga duron ake ɗiba a cike wa akwatin kifi abin da ya ƙafe. Baƙin kuma yana tafiya kwata. Kada ka ji ina jero maka bayani kamar wata injiniya ka ɗauka da can na sani. A 'yan kwanakin nan na koya, da hawaye. Ku biyu kuka riƙe sanin abin nan a tsakaninku kamar wani asiri, kuna rufe ƙofa kuna ƙus-ƙus, mu mata namu kallo da cewa ma sha Allah. Kai ka tafi teku, shi ya faɗi, sai aikin ruwa ya koma hannun Inna, don ni da gari ya waye ina kan keken ɗinki.

Ba a daɗe ba Baba ya fito da wani hali. Kullum da safe, da zarar Inna ta fito daga ɗakin ajiya da bokiti, sai ya fara buga sandarsa a ƙasa, yana wani gurnani, jijiyar wuyansa ta miƙe. Ka tuna daga inda kujerarsa take ana hango cikin ɗakin ajiya idan ƙofar tana buɗe. Yana nuna ƙofar da sanda, yana nuna bokitin. Inna ta ce ai cewa yake ruwan bai isa ba, sai ta koma ta ƙaro. Ya ƙara bugawa, ta ƙara ƙarowa. Ni na ce ƙila ƙishirwa yake ji, na kawo masa kofi, ya kaɗe shi ya jiƙa mini zane. Da muka gaya wa likita, sai ya ce masu irin wannan ciwo sukan yi fushi ba gaira ba dalili, ya rubuta wata ƙwaya mai kwantar da hankali. Muka riƙa ba shi. Yaya, mutum yana ihu da iyakar abin da ya rage masa cewa ana kashe masa abinsa, mu kuma muka ba shi maganin barci.

Da murjani ya fara fari, kowa a gidan nan ya zama malamin teku. Kawu Direba ya tsaya gaban gilashi ya harɗe hannu, ya ce shi ya gano matsalar, gishiri ne ya yi kaɗan. Wai tunda teku gishiri ce, injinmu ma gishiri yake ci, me zai hana a ɗebo daga buhun injin a zuba musu su ji daɗi. Sai da na ɗauke buhun na kulle a ɗakin ɗinki, don na san Kawu, in ya ce zai taimaka to sai ya taimaka. Goggo kuma ta ce a tafasa ruwan, wai babu cutar da ke tsallake wuta, ta ƙara da cewa tun farko ita ba ta ga dalilin da za a ajiye kifin da ba a ci ba. In na biye mata sai mu kai dare.

Daga ƙarshe na cika kwalba da ruwan duro, na cika wata da na akwatin, na tafi wurin mai sayar da kifin ado da ke bayan kasuwa, dattijon nan mai kaurin tabarau. Ya ce ya san Baba, ya jajanta mini. Ya tsoma wani ɗan ma'auni mai kama da biro a ruwan duron, ya duba, ya goge shi ya sake tsomawa. Ya ce wannan ruwan da na famfo duk ɗaya ne, kamar bai taɓa ganin matata ba, alhali kamata ya yi ma'aunin ya nuna sifili. Ya zaunar da ni ya yi mini bayani a hankali. Ya ce aikin matatar shi ne ta raba ruwa gida biyu. Akwai wani tantani a cikinta da ba ya barin komai ya wuce sai ruwa zalla, shi ne mai ɗiga ta shuɗin tiyo. Duk abin da tantanin ya tare, tsatsar ƙasa da takin gonaki da ke tsiyaya cikin rijiya da sauran abin da ido ba ya gani, baƙin tiyo ne ke kwashe shi ya fitar. Ya ce ruwa yana ƙafewa daga akwati amma dattin ba ya ƙafewa, don haka duk bokitin da aka zuba yana barin nasa a ciki, yana taruwa. Mutum zai sha bai ji komai ba, murjani kuwa ba ya ɗauka. Sai ya tambaye ni ko na tabbata baƙin tiyon yana kwata, na ce masa ƙwarai kuwa, har da ɗan ɗaga murya.

Washegari ban hau keke ba. Na shiga ɗakin ajiya na ɗaga murfin duro, sai ga tiyo biyu a ciki, shuɗi da baƙi, an haɗa su an ɗaure tsaf da ƙyallen atamfa daga ragowar ɗinkina. Na daure na tambayi Inna kamar da wasa. Fuskarta ta washe. Ta ce tun makon farko ta shigo ta tarar da ruwa garau yana kwarara cikin kwata ba dare ba rana, shi kuma wanda aka ce a tara yana ɗigowa kamar ana roƙonsa. Ta ce ita ba ta taɓa ganin ɓarna irin ta maza ba, da karatunku da komai ku bar ruwan Allah yana bin rariya. Sai ta zaro shi ta sa a duro, yanzu kafin ta gama shara ya cika. Ka san Inna. Macen da ta tashi tana ɗauko ruwa a ka daga nesa, wadda har yau ruwan da ta wanke hannu ba ta zubar da shi sai a gindin shuka. Da zuciya ɗaya ta yi, don ta kyautata wa mijinta, tana ɗaukar bokiti da wannan bayan nata mai ciwo.

Na fito falo. Wallahi na buɗe baki zan faɗa mata, kuma da na faɗa da ba da daɗi zai fito ba, ka san bakina in raina ya ɓaci. Ina wucewa ta gefen kujerar Baba sai na ji an damƙe mini wuyan hannu. Ban san akwai sauran ƙarfi irin wannan a hannunsa na hagu ba. Ya dube ni, ya gane na gano. Sai ya juya ya dubi Inna da ke tahowa da bokitinta tana 'yar waƙarta, ya dawo da ido kaina, ya girgiza kai a hankali. Bai sake ni ba sai da na sunkuya na ce masa na ji. Shi da ya yi makonni yana dukan ƙasa don a gane, ranar da aka gane sai ya hana a faɗa. Ya san ɓarnar ta riga ta auku, ya kuma san in Inna ta ji cewa da hannunta ta yi, ba za ta taɓa yafe wa kanta ba.

Don haka na yi mata ƙarya, Allah ya yafe mini. Na ce ina son ruwan baƙin tiyo don jiƙa sabon yadi kafin yanka, abin da ya rage kuma ta ba shukokinta. Ta ji daɗi, ta ce ashe dai akwai mai hankali a gidan. Na sa wa baƙin tiyon bokitinsa daban, na zubar da ruwan duro lokacin da ta shiga wanka, na wanke shi. Kawu da Goggo ba su sani ba, kuma ina roƙonka ko bayan ka dawo kada maganar nan ta fita daga bakinka.

Na ɗauka shi ke nan an gama, ashe da saura. Na sayo irin ma'aunin nan, na gwada ruwan shuɗin tiyo shi kaɗai, ya ragu sosai amma ya ƙi sauka sifili. 'Yan ƙwayoyin nan da ke cikin kwalbar ƙarshe ta matatar, masu kama da ƙwan kifi, duk sun juye sun zama ruwan ƙasa. Mai kifi ya ce sun gama aiki ke nan, kuma ruwan rijiya yana da wata iska a cikinsa da ke cinye su da wuri. Ya ce mai yiwuwa tantanin ma ya tsufa. Ba shi da irin na matatarmu, ya aika a kawo, amma bai san ranar zuwansa ba. Yana sammini nasa tataccen ruwan a jarka, sai dai kaɗan ne, don shi ma yana da bakunan da yake shayarwa. Da na gaya masa maganar tafasawa ya ce wuta ƙwayar cuta take kashewa, wannan dattin kuwa sai dai ta ƙara masa kauri.

Na kira mai gyaran famfo ko zai duba, shi kuma ya zo da tasa. Ya ce injin gishirin ne ke ɓata ruwan, a yanke shi, a ja wa matatar layi kai tsaye daga rijiya. Mai kifi ya ce kada in kuskura, wai injin ne ke kare tantanin, in ba shi farin ɓawon nan zai toshe shi cikin ɗan lokaci, kuma ɗan gishirin da injin ke bari ba ya yi wa matata wuyar cirewa. Kowannensu yana magana da tabbaci, ni kuwa tela ce. Abu ɗaya na tsaya a kai, mai famfo ya zo da bututun jan ƙarfe zai sa, na tuna ranar da ka kusa cinye Auta don ta jefa kwabo cikin akwatin, kana cewa jan ƙarfe guba ne ga murjani. Na ce ya mayar da abinsa. Ya tafi yana gunaguni, har yau injin yana nan yadda kuka bar shi.

Yaya, ka gaya mini, daidai na yi da na bar injin? Wace kwalba ake fara canjawa, kuma ina kuke sayen nasu? Akwai wani tantani da kuka ajiye a gidan nan? Na birkice ɗakin ajiya da ƙarƙashin gadonka ban gani ba. Gishirin teku na cikin farin bokiti ya kusa ƙarewa, shi ma ban san inda kuke samo shi ba. Abin da ya fi damuna shi ne canjin ruwa. Mai kifi ya ce in riƙa cire kaɗan ina mayar da sabo, bayan na dama gishirin ya kwana, ɗuminsa ya yi daidai da na akwatin, don in na canja gaba ɗaya sauran masu ran ma za su tafi. To amma shuɗin tiyo ɗigo yake yi, farin kuma hawa yake yi, kuma ya fi ɗigon sauri. Nakan tsaya a kan duron ina kallon ɗigon nan har in ji kamar in sa hannu in matse bangon.

Na daina ba Baba ƙwayar barcin, na gaya wa likita dalili. Amma ya daina buga sanda, tana nan jingine a bango. In an zuba masa abincin kifi a hannu sai ya bar shi ya zube a cinyarsa, don ko ya watsa ba mai tasowa. Shi ma cokali kaɗan yake karɓa ya kau da kai. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa, na rage shi, ya sake yin yawa. Inna ta ɗauka girkinta ne, kullum tana canja masa wani abu. Takan zauna kusa da shi tana lallashinsa, tana cewa ya kwantar da hankalinsa, ita ba ta taɓa fashin ba kifinsa ruwa ba ko rana ɗaya, shi kuma ya gyaɗa mata kai. In na ga haka sai in shige ɗakin ɗinki in taka keke ba zare, don kada su ji kukana. Jiya likita ya ce in aka ci gaba a haka, sai dai a sa masa robar abinci ta hanci. A gabansa ya faɗa, kuma Baba ya ji.

Inna tana gaishe ka, ta ce ka riƙa rufe ƙirjinka saboda sanyin ruwa. Auta da Kawu Direba suna gaishe ka. Ka gaishe mini da Dogo ɗan Goggo, in har yanzu shi ne a kicin ɗin jirginku, ka ce masa uwarsa ta ce ko layi biyu ne ya rubuto mata.

Yanzu na koyi yadda ake magana da Baba, sai a tambaye shi abu ɗaya a jira. Ɗazu kafin in rufe takardar nan na durƙusa gabansa, na ce masa kai nake rubuta wa. Na tambaye shi ko in ce ka aiko da tantani, ya girgiza kai. Na ce ko gishirin teku, ya girgiza kai. Sai na ce ko in ce ka zo. Ya daɗe yana kallona, sannan ya rufe ido ya gyaɗa kai. Ka san Baba bai taɓa cewa wani ya bar aikinsa saboda shi ba. Don Allah Yaya, duk tashar da takardar nan ta same ka, ka sauka.

Wassalam.

Taka ƙanwa,
Tela